Fayil ɗin Saratu a Kantar Bungudu

Litinin, 6 ga Oktoba, 2025

An liƙa takardar a allon sanarwa. Anwar ne sabon shugaban ɗakin fayil. Anwar! Shekararsa huɗu a hukumar nan, uku daga ciki a kan waya ya yi su. Ni kuwa, Munzali, shekara ashirin da biyu ina tsare da takardun ma'aikatan lafiya, har yau ina mataki na takwas. Cancantarsa guda ɗaya ce, amma babba ce: uwarsa da matar Darakta ciki ɗaya suka fito.

Darakta ya kira ni ofis, wai lallashi. "Malam Munzali, kai na ginshiƙin wurin ga. Ka riƙe muna yaron ga da kyau." Na ce to, ranka ya daɗe. Ginshiƙi. Wato in ci gaba da tsayuwa inda aka kafa ni, wasu su hau kaina su zauna.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye wa littafina ba. Matata Fatimatu ta kawo abinci, ta dubi fuskata, ta ajiye ta fita ba ta tambaye ni komai ba.

Talata, 7 ga Oktoba

Ƙarfe takwas da kwata littafin sa hannu ya nuna mutum goma sha huɗu sun zo aiki. Na waiwaya, mu uku ne a ɗakin. Haliru, abokin zamana na tebur, da biro uku yake yawo a aljihu, shuɗi biyu baƙi ɗaya, yana sauya su yana karkata hannu. Da ya gama cika wa kowa sai ya hau babur ya nufi gonarsa ta Ruwan Bore, wai ana cire masa wake. Rabi'a mai buga takardu ta ture na'urar gefe ta baje turaren wuta da atamfofi. Ofishin gwamnati yana ƙamshi kamar ɗakin amarya, aiki ne kawai babu.

Waɗannan su ne aka haɗa ni da su a ma'auni, aka ce duk ɗaya muke. Ban taɓa sa wani ya sa mini hannu ba. Ban taɓa fita kafin la'asar ba. Ga sakamakon.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Sabon shugaba ya shigo da kwamfutarsa a hammata da takalmi mai ƙyalli. Ya tsaya gaban kantoci yana karanta sunayen garuruwa da ke manne: Gusau, Tsafe, Bungudu, da sauransu. Ya gyaɗa kai kamar ya gane. "To ai abin da sauƙi, kowa na kantar garin da shika aiki." Na ci gaba da aikina.

Ba haka ba ne, yaro. Marigayi Malam Bashar, wanda ya koya mini aikin nan, ya gaya mini asalinsa. Da aka yi jiha aka kwaso takardu daga Sakkwato a buhuna, kowane buhu da sunan gari. Aka juye kowanne a kantarsa, kuma tun daga ranar fayil ba ya ƙaura. Inda aka fara tura mutum aiki, nan takardunsa za su zauna, ko da an sauya masa wuri sau goma. Akwai babban littafi da ke nuna inda kowa ya fara, amma rufi ya yi yoyo a wata damina, gara ta ƙarasa abin da ruwa ya bari. An rubuta neman sabo, ba a amsa ba. Littafin yanzu yana cikin kaina. Haliru ya taɓa sanin tsarin, amma bai ga amfanin ajiye shi a ƙwaƙwalwa ba tunda akwai bawan Allah Munzali.

To bawan Allah ya gaji. Daga yau ban san komai ba. Duk wanda ya zo, ga shugaba can.

Litinin, 13 ga Oktoba

Mutum uku na tura wa shugaba. Biyu ya samo musu, don yawancin mutane ba sa barin ƙaramar hukumar da suka fara. Na ukun ya sa shi ya yi gumi har rigarsa ta manne. Na buɗe jarida. Ashe haka zaman banza yake da daɗi, shi ya sa su Haliru suka yi ƙiba.

Laraba, 15 ga Oktoba

Sanarwa ta zo: kwamitin ƙarin girma na ungozomomi da ma'aikatan jinya zai zauna. Mutum sittin. Dole fayil ɗin kowa ya isa hannun kwamiti ranar Alhamis, 30 ga wata, ƙarfe huɗu, wanda bai isa ba an wuce shi. Na yi dariya. A shekara ashirin da biyu ban taɓa ganin ranar rufewa da aka rufe a cikinta ba. Za a ce Alhamis, a ƙara mako biyu, a sake ƙara ɗaya saboda shugaban kwamiti ya tafi ta'aziyya.

Rabon kwamitin nan da zama shekara uku ke nan. Allah ne ya kawo shi daidai lokacin da ɗan lele zai nuna mana abin da ya iya.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Arba'in da ɗaya ya samo. Saura goma sha tara. Ya daina sa takalmi mai ƙyalli.

Litinin, 20 ga Oktoba

Wata mata ta zo daga Tsafe, Sista Saratu Yakubu, ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti na ƙauye can bayan gari. Mutuniyar kudancin Kaduna, amma ta daɗe a nan. Doguwa, siririya, ta ɗaura ɗankwali, tana riƙe da jakar leda cike da kwafin takardu. An yi mata waya an ce ba a ga fayil ɗinta ba.

Tana faɗin sunanta na gane ta. Ni na buɗe mata fayil a 2009, lokacin tana Saratu Nuhu, kafin ta yi aure, kuma Kwatarkwashi ta ƙaramar hukumar Bungudu aka fara tura ta. Kantar Bungudu, layi na uku daga sama, wajen bango, ɗaure da koren zare. Ko ido rufe zan ɗauko shi.

Na nuna mata teburin Anwar da baki. Ya hau kujera ya birkice kantar Tsafe tun daga sama har ƙasa. Ya sauko yana atishawa, ya ce ta dawo Alhamis. Ko tambayarta inda ta fara aiki bai yi ba. Shugaba ke nan.

Ta ce, "Ba damuwa, ranka ya daɗe. Zan dawo." Ranka ya daɗe ga wanda da ta yi auren wuri da ta haife shi.

Talata, 21 ga Oktoba

Darakta ya kira ni a waya, ba ta hannun ɗan lelensa ba. Wai fayil ɗin ɗiyar wani Alhaji, da na matar wani kansila, "ka taimaka a duba muna a hankali." Na ɗauko na ajiye a teburin Anwar kafin ya iso. Me zan yi? Darakta ne. Ƙasar nan in ba ka da wani, ka shiga uku. Mutane ba su da kunya wallahi.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Sista Saratu ta dawo. Anwar ya fita, wai taro. Rabi'a ta dube ta sama da ƙasa, ta ga ba mai sayen atamfa ba ce, ta juya baya. Matar ta nemi izini ta duba da kanta. Ta tuɓe takalmi ta hau kujera, tana ciro fayil ɗaya-ɗaya daga kantar Tsafe tana karanta suna tana mayarwa.

Zama ya gagare ni, ba don tausayi ba, don kada ta hargitsa mini jeri. Na tashi na riƙa karɓa ina mayarwa. Awa biyu muna neman abu a inda na san babu shi, bayana yana jingine da kantar Bungudu.

Tana aiki tana magana, ba a tambaye ta ba. Shekara goma sha ɗaya tana mataki ɗaya. Zaman kwamiti na farko sunanta ya ɓace daga jeri, ba wanda ya san yadda aka yi. Na biyu an ce gurbi ya cika. Yarinyar da ta koya wa yanke cibi yanzu ta wuce ta da mataki, kuma in wannan ya wuce ta, ita za a ba ragamar asibitin. "Ba shugabancin nake so ba, Malam. Amma mutum yana so a ce an ga abin da ya yi."

Ni take gaya wa wannan! Na kusa ce mata ki shiga layi, Sista, na riga ki.

Ta ce duk zuwa sai ta roƙi wata ta riƙe mata aiki, ta hau babur zuwa Tsafe, ta jira mota ta cika, kuma dole ta juya kafin la'asar don hanyar ba ta shiguwa da yamma. Kowa ya san hanyar.

Juma'a, 24 ga Oktoba

Ba ni na naɗa Anwar ba. Wanda ya naɗa shi ya amsa.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Na yi kuskure na ba Fatimatu labari, ina dariya. Ita ba ta yi dariya ba. Tana tankaɗe ta ce, "To ita matar mi ta yi maka?" Na ce ba ki san aikin gwamnati ba. Ta ce, "Awo, ban sani ba." Ta ci gaba da tankaɗenta.

Ga tsarina, kuma babu wanda zai cutu. Alhamis ta zo ta wuce, fayiloli ba su cika ba, kunya ta kama Darakta a gaban kwamiti. A ƙara mako biyu kamar kullum. Ranar Litinin in shiga, a gaban Darakta da ɗan lelensa, in ciro sauran cikin minti goma, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da na duba takarda ba. Sai a ga wa ya san aiki. Matar ta samu ƙarin girmanta, ni in samu abin da nake nema. Kwana huɗu kawai za ta ƙara a kan shekara goma sha ɗaya.

Talata, 28 ga Oktoba

Anwar ya jawo kujera kusa da ni, ya rage murya don kada Rabi'a ta ji. "Baba, don Allah in akwai wata dabara ta wurin ga, ka nuna min. Ni ban roƙi kujerag ga ba." Na ce ai kai ne mai kwamfuta. Ya tashi ya mayar da kujerar.

Bai roƙa ba, amma bai ƙi ba.

Na lissafa waɗanda suka rage. Tun daga makon jiya waya take shigowa, daga Darakta, daga mataimakinsa, daga wani limami da ba na iya yi wa musu. Duk mai wani a sama an ga nasa. Saura uku: ɗaya ya rasu bara, ɗaya ya ajiye aiki ya koma Kano. Ta ukun ita ce.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Na riga kowa zuwa. Na ɗauko fayil ɗin Saratu daga kantar Bungudu, koren zaren yana nan yadda na ɗaure. Na sa a aljihun teburina na kulle, don ya zama a kusa ranar Litinin.

Ta iso ƙarfe goma. Ta zauna a benci daura da ni, jakar ledar a cinya. Tsakanin gwiwarta da fayil ɗin bai kai taku uku ba. Sau biyu hannuna ya kai ga makulli. Amma Anwar yana wurin, kuma in na fito da shi yau, shi zai ɗauka ya kai sama, shi za a yaba. Shekara ashirin da biyu ina dafawa wasu suna ci. Yau kam a'a.

Da azahar ta wuce ta fara duba agogo. Ta matso ta ce, "Malam, kai ka daɗe a nan. Gaya mini gaskiya, yau ne ƙarshe?" Na ce mata, Sista, kwantar da hankalinki, ba a taɓa rufewa a ranar da aka ce ba, za a ƙara lokaci, ki kama hanya tun da rana. Ta sauke numfashi. Ta ce, "Tunda kai ka faɗa." Ta tafi.

Gaskiya na gaya mata. Abin da na sani ke nan.

Juma'a, 31 ga Oktoba

Ba a ƙara ba.

An ce sabuwar shugabar kwamitin, wata Hajiya da aka ɗauko daga ritaya, ta sauko da kanta jiya ƙarfe huɗu daidai, ta sa aka ƙirga fayiloli a gabanta, aka zuba a but ɗin mota, ta sa hannu ta rufe jeri. Darakta ya nemi ko mako ɗaya, ta ce an ba ku mako biyu. Wai ita mai bin doka. A ina aka samo ta? Wa ya taɓa yin haka a nan?

Ina ɗakin salla lokacin da motar ta tashi. Makullin yana aljihuna.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Ban fita ba. Kaina ke ciwo.

Litinin, 3 ga Nuwamba

Ranar da na tanada ke nan. Darakta ya tara mu, har Haliru ya bar wakensa ya zo. Hamsin da bakwai cikin sittin, wai ba a taɓa samun irin wannan ƙwazo ba, a tafa wa Anwar. Aka tafa. Rabi'a har da guɗa ƙasa-ƙasa. Sauran ukun kuwa, in ji Darakta, "waɗanda ba su da rabo na." Ko sunansu bai karanta ba.

Anwar bai ɗago kai ba, wannan kam na shaida. Ni ma na tafa. Na dubi hannayena suna tafawa kamar na wani.

Wato mako uku ina yaƙi, ɗan lele ya samu tafi, Darakta ya samu yabo, ɗiyar Alhaji ta samu mataki. Duk wanda na auna lafiyarsa ƙalau.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Ta zo. Na ɗauka faɗa ta zo yi, kuma wallahi da na fi son haka. Wai an turo ta karɓar magungunan asibitinsu a cikin gari, shi ne ta biyo. Ta riga ta ji. Idonta ya faɗa, amma ba ta yi kuka ba.

Ta ajiye ƙullin gyaɗa sabuwar cira a gefen teburina, har da ƙasa a jikinta. Ta ce wata mata da ta karɓi haihuwarta ce ta kawo mata, ta ɗebo mini. Na ce na me? Ta ce, "Duk ofishin nan kai kaɗai ka tashi daga kujera ka taya ni nema. Ban manta ba. Allah ya saka maka."

Na ce amin. Amin na ce!

Ta tambaya ko in an sake zama bayan shekara uku za a iya buɗe mata sabon fayil, tunda wancan ya ɓata. Na ce za a duba. Bakina da kansa ya faɗa, irin amsar da muke ba kowa.

Bayan ta tafi, su Rabi'a sun watse, na buɗe aljihun tebur na kwance zaren. Shafi na farko rubutuna ne, lokacin ina da hannu mai kyau. Takardar yabo biyu, ɗaya ta shekarar da aka yi amai da gudawa a Kwatarkwashi. Takardar tuhuma babu ko ɗaya. Wasiƙun neman a duba matakinta guda huɗu, kowacce an rubuta a kusurwa "a ajiye sai an waiwaya." Irin wasiƙun da ke cikin nawa fayil ɗin, har kalmomin kusan ɗaya. Biyu daga ciki ni na huda su na ɗaure ba tare da na karanta ba.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Haliru ya ga gyaɗar a ƙarƙashin tebur ya miƙa hannu. Na daka masa tsawar da har masu gadi suka leƙo. Ya ce, "Kai, Munzali, a kan gyaɗa?" Ya koma ya ci gaba da cika littafin sa hannu, yau da baƙin biro ya fara.

Na daɗe ina kallonsa. Shi dai ƙaryarsa a kan takarda take tsayawa.

Juma'a, 7 ga Nuwamba

Ban kai gyaɗar gida ba. Fatimatu za ta tambayi daga ina.

Litinin, 10 ga Nuwamba

Ofis yadda yake: goma sha huɗu a littafi, uku a ɗaki, turare na tashi. Ba abin da zai gyara wurin nan, kuma ban ce na yafe wa kowa ba.

Na sayo littafi mai kauri a kasuwa, don kawai kaina ya fara gajiya da riƙe sunaye. Na ce wa Anwar ya jawo kujera, ni ina faɗa, shi yana bugawa a kwamfutar tasa, ina kuma rubutawa da hannu saboda ban yarda da na'ura ba. Suna, inda aka fara tura mutum, kanta, layi. Da ya gane tsarin sai ya tsaya da bugawa ya dube ni. Ya dubi kantar Bungudu. Ya buɗe baki, na ce rubuta, ba hira muka zo ba. Yaron yana da sauri, ban ce yana da hankali ba.

Na kuma rubuta wa Hajiyar kwamiti 'yar takarda. An ce takan karɓi ƙorafi in laifin ba na ma'aikaci ba ne, sai dai dole a faɗi na wane ne, da suna. Rabi'a ta fara buga mini "sakamakon kuskuren ofis," yadda aka saba. Na karɓa na yage, na rubuta da hannuna: fayil ɗin Saratu Yakubu bai ɓata ba, yana kulle a teburina ranar 30 ga wata, ni na riƙe shi da sanina. Anwar ya karanta ya ce, "Baba, takardar tuhuma za su ba ka. Naku kwamitin baɗi shika zama." Na ce na fi ka sanin lokacin da yake zama.

Ko Hajiyar ta karɓa ko ta ƙi, oho. Na kai da kaina, da fayil ɗin, na sa sakatarenta ya buga mini hatimin karɓa.

Saura kwafi ɗaya na takardar a jakata. Saratu ba ta cikin waɗanda doka ta ce a ba, amma sunanta ne a kai. Gobe na nemi hutun kwana ɗaya, karo na farko a bana. Motar Tsafe da wuri take cika.

Gyaɗar tana nan. Ban san ko mayarwa ake yi ba.